WAYOYIN DA SUKA JE AJI

Shafi na 17

Masu damuna da saƙo tun safe, ga shi nan, ku bar ni in sha ruwa. Wadda ta ce in tausaya wa Karimatou kuma, 'yar'uwa, ni ma so nake, hanya ce ban gani ba.

*

Ƙarfe goma sha ɗaya da kwata Alhaji Souley ya faɗo biron Karimatou, wato ofishinta, ko sallama babu. Shekara shida tana aiki a kamfaninsa na jigilar mai a Zongon Cotonou, ita ke tsara horon direbobi, wanda kowa a nan yake kira formasiyo. Ba ta taɓa ganin ya shiga wuri baki rufe ba.

"Yanzu aka kira ni daga lopital," ya ce, wato asibiti. "Fataou ya farfaɗo."

"Alhamdu lillahi! Ƙafar fa, Alhaji?"

"Sun yanke."

Ta dafe tebur.

Shekaranjiya ne sabuwar tankar da Fataou ke ja ta kife a gangaren dutsen da ke tsakanin Natitingou da Tanguiéta. Allah ya tsare ba ta kama da wuta ba.

"Jandarma sun tambaye shi don me bai ja birkin gangara ba," in ji Alhaji. "Kin san amsar da ya ba su?"

"A'a."

"Ya ce shi bai san da wani birkin gangara ba. Ya ce ba wanda ya taɓa nuna masa."

"Ba zai yiwu ba!"

Ta juyo masa da fuskar kwamfutar.

Abin da ke kan allon nan shi ne duk alfaharin Karimatou. Ba ta karanta ilimin kwamfuta ba, ko layi ɗaya na rubutun masu ƙera manhaja ba ta iya ba. Wata manhaja ta samu wadda ake jera 'yan akwatuna a haɗa su da zare, in kaza ya faru a yi kaza. Da ita ta ɗinke aikin duka cikin mako uku. Gayyata ta tafi wayar direba da kanta. Direba ya je aji ya haska wayarsa a tambarin bakin ƙofa, safe da yamma, kwana uku. Ya amsa tambaya biyar. Takardar shaida ta fita da kanta, sunansa ya koma kore, kuma mai koren suna kaɗai ake miƙa wa makullin sabuwar tanka. An huta da rajista, an huta da bin dattawa ana lallashi. Ranar da ta nuna wa Alhaji har agogo ya saya mata.

"Duba, Alhaji. Fataou. Kwana uku cur. Tambaya biyar, ya ci biyar."

Bai ko kalli allon ba.

"Gobe mutanen asiransi, masu inshorar motar, za su zo. Ke kika gina abin nan, ke za ki yi musu bayani."

"Zan yi. Amma don Allah a tsayar da sauran motocin tukuna."

"A tsayar?"

"Baban Hanane yana hanya, Alhaji. Shi aka ba man da zai maye na Fataou. Hanyar ɗaya ce, motar iri ɗaya ce."

Idrissou ke nan, mijinta, uban 'yarta. Jiya bayan asuba ya tashi daga Cotonou, a lissafinta yanzu ya kusa Natitingou.

Alhaji ya gyara zaman hularsa.

"Sunan mijinki wane launi ne?"

"Kore."

"To ai ke kika ce mai kore ya iya."

Ya juya ya fice, ya bar mata ƙofa a buɗe.

Ta kira ƙaramar wayar Idrissou, mai maɓallai, wadda yake yawo da ita tun kafin aurensu. Ba ta shiga. Ta sake. Ba ta shiga. A karo na biyar ta yafa mayafi ta fito.

*

Garejin kamfanin ba nisa, layi biyu ne bayan masallaci. Masu zem, baburan haya, suna ta danna mata oda tana ratsa su kamar ba ta ji.

A bakin ƙofar garejin Tanti Bibata ke zaune da kulolin kununta. Shekara goma sha tara matar nan ta riƙe rajistar formasiyo a kamfanin. Wata biyu da fara aikin manhajar Karimatou aka yi mata godiya, aka ba ta turmin atamfa, aka ce ta huta. Tun daga nan Karimatou ke sauya hanya in ta hango ta.

Yau babu wata hanyar.

"Ina wuni, Tanti."

"A'a, Madam ce da ƙafa? Na'urar ba ta aiko ki a zem ba?"

"Tanti, don Allah."

Bibata ta dube ta da kyau, sai ta ajiye ludayi.

"Zamna."

"Ba zama. Tambaya ɗaya ce. Makon formasiyon sababbin motoci, da aka yi a Agontinkon, kina nan wurin?"

"Ina zan je?"

"Kin ga direbobi sun tafi?"

"Na ga Kassoum ya hau zem da jaka."

"Sauran fa?"

"Sauran suna hanya, ɗiyata. Makon nan ko mota guda ba ta wuni cikin gareji ba."

Karimatou ta zauna a bencin da ta ce ba za ta zauna ba.

"Amma sunayensu sun fito. Su goma sha ɗaya. Na gani da idona."

"Sun zo mana. Ba sun aika wakili ba?"

Duk wanda ya tashi a Zongo ya san wakili. Yau suna, gobe ɗaurin aure, jibi gaisuwar mutuwa a Godomey, ba mai iya halartar duka. Sai ka aika wani da sunanka da gaisuwarka, mai gida ya ce wane ya zo, Allah ya bar zumunci. Ba mai kiran wannan ƙarya. Karimatou kanta ta wakilci innarta a bukukuwa ba adadi. Abin da bai taɓa zuwa mata a rai ba shi ne za a kai wakili aji.

"Ni ma sun sha kawo mini," in ji Bibata. "In ce koma ka ce ina gaishe shi, kujerarsa na jiransa. Shekara goma sha tara ina shan zagi. Bibata ba ta da kunya, Bibata ba ta san manya ba. Amma ba wanda ya hau mota bai zamna gabana ba."

"Me ya sa ba ki faɗa mini ba?"

"Na faɗa. Ranar da nake tattara kayana. Kika ce na'ura ba ta karɓar goro."

Karimatou ta sunkuyar da kai. Ta tuna, har dariyar da ta yi ta tuna.

"Ba ki yi ƙarya ba, ba ta karɓa," in ji Bibata. "Sai dai ba ta san fuskar kowa ba."

Ta nuna ƙaramin ɗakin kwano da ke ƙarshen garejin da haɓa.

"Yana ciki. Tun shekaranjiya bai sha kunu ba."

*

Baba Kassoum shi ne shugaban direbobi. Mutumin Dogondutsi ne, ya zo Cotonou yana saurayi, ya tsufa a bisa sitiyari. Shi ya koya wa Idrissou tuƙi, shi ya tsaya masa waliyyi ranar aurensa da Karimatou. Ta same shi a kujera yana jan carbi, fanka na kaɗa iska mai zafi.

"Ina wuni, Baba."

"Lahiya lau, ɗiyata. Mi ya hito da ke cikin rana?"

"Baba, su wa suka je formasiyo?"

"Ba ke ke da takarda ba?"

"Kai nake tambaya."

"Kowa ya je."

"Har Baban Hanane?"

Carbin ya tsaya, sannan ya ci gaba.

"Har shi."

Ba ta taɓa musu da shi ba, kuma yau ma ba ta yi ba. Wayarta ta ciro. A cikin akwatunan da ta jera akwai guda na gaggawa, wanda ba a taɓa amfani da shi ba. Taɓawa ɗaya, saƙo ya tafi wayar aikin kowane direba: tsaya inda kake, kira biro.

"To bari in tsayar da su," ta ce.

"Dakata..."

Ta riga ta taɓa.

Aljihun teburin ƙarfen da ke gefensa ya ɗauki kuka. Wata na ƙara, wata na kaɗawa, wata na kiɗa, duk a lokaci guda, har kofin shayin da ke kan teburin ya soma tafiya.

Sai kukan ya mutu.

Karimatou ta jawo aljihun da kanta. Ga su nan a jere, wayoyin da kamfani ya raba wa direbobi, kowacce an manna mata farar takarda da sunan mai ita, duk a jone da caji ɗaya mai baki da yawa.

Ta ƙirga. Goma sha ɗaya.

Ta shida daga hagu, an rubuta IDRISSOU. Shi da ya ce mata a gareji yake barinta don kada Hanane ta fasa.

"Baba," ta ce. "Me ka yi?"

"Abin da anka saba yi na yi."

"Ka kwashi wayoyi ka kai su aji?"

"Na wakilce su. Na tahi da sahe, na haska kowace a bakin ƙohwa. Na gaida malamin, na ce mutanena suna gaisuwa. Da marece na koma na sake haskawa."

"Malamin bai tambaya ba?"

"Ajin cike yake da direbobin wasu kamfanoni. Shi ma ya ce na'ura ke ƙirga, ba shi ba."

"Tambayoyin fa? Tambaya biyar!"

"In ka hwaɗi, sai ta ce sake. Na yi ta sakewa a ta farko har ta yi kore. Sauran goma na bi sawu."

Karimatou ta rufe ido. Ita ta saka wannan. Da hannunta ta cire iyakar sakewa, don kada dattijo ya faɗi jarrabawa yara su ji. Har yabon kanta ta yi a lokacin, wai ta san mutanenta.

"To bayan formasiyo, me ya hana ka mayar musu?"

"Sun ƙi amsa. Abin naki ba ya barin mutum ya huta. Saƙo da sahe, saƙo da rana, duk da Faransanci, in ba ka taɓa ba sunanka ya yi ja wurin patiro Alhaji. Mutum na tuƙi zai tsaya karatu? Sunka ce Baba riƙe mana. Kullum bayan azahar nike zama in taɓa ma kowa."

Wata huɗu ke nan tana kallon allon nan tana murna direbobi sun waye. Ashe da tsoho ɗaya take hira.

"Fataou ya rasa ƙafa, Baba."

"Na ji."

"Ƙafa!"

"Na ce na ji!" Ya buga carbin a cinya. "Kina zaton barci nike? Ni na koya mishi mota. Shekara ashirin yana hawa dutsen nan yana sauka, ko madubi bai taɓa hwasawa ba. Tsohuwar mota, in ka zo gangara ka sauke giya, ita ke riƙe kanta. Wa ya san sabuwar ba ta da sandar giya? Wa ya san sai ka ja wani abu?"

"Abin da aka tara ku a koya muku ke nan!"

Ta juya ta nufi ƙofa.

"Zan faɗa wa Alhaji. Yanzu. Wallahi sai ya sani."

Baba Kassoum ya yi wata dariya marar daɗi.

"Wa kike zaton ya biya zem ɗin?"

Ta tsaya da hannu a kan ƙofa.

"Me ka ce?"

"Na je na same shi. Na ce Alhaji, mutum goma sha ɗaya, kwana uku, mota za ta tsaya. Ya ce mi na'urar ke dubawa, mutum ko waya? Na ce waya. Ya ce to, Kassoum, kai babba ne, ka san yadda ake yi."

"Ya rubuta?"

"Alhaji na rubutu?"

Nan ta gane me ake shirya mata gobe. Kowace takardar shaida da ta fita da sa hannunta ta fita, don ita ta ɗora hoton sa hannun a cikin akwati na ƙarshe, ya riƙa hawa da kansa. Alhaji bai ce komai ba, Baba Kassoum wakili ne kawai, na'ura kuwa ba a kai ta gaban alƙali. Amma wallahi a wannan lokacin ko a jikinta. Mutum ɗaya ne a ranta, kuma yana bisa dutse da lita dubu talatin na mai a bayansa.

"Shi ma ya yarda? Baban Hanane?"

"Shi kaɗai ya yi gardama."

"Amma ya ba da wayar."

"Ya ce in ya tona, aikinki ya lalace. Ya ce karo na farko da anka yaba miki gaban mutane, ba shi ne zai zubar miki ba."

Kwana ukun nan da safe yana fita da wankakkiyar riga, tana tsokanarsa ɗan makaranta. Da yamma ta tambaye shi me aka koya, ya ce abubuwa da yawa, ya ja hira wani wuri. Ashe mai yake kaiwa garin Bohicon ya dawo.

Hawaye suka zubo mata, ba ta share ba.

"Kai ka zauna a ajin, Baba. Ko na awa ɗaya. Ina birkin yake?"

"Wakili ba zama yake ba, ɗiyata. Gaisuwa na yi na hito."

"Ko da ido ba ka gani ba?"

"Na ga ya zana wani abu a allo. Faransancinsa gudu yake."

Tanti Bibata ta leƙo ƙofa, jin hayaniya. Ta dubi aljihun, ta dubi tsohon.

Sai wayar Karimatou ta yi ƙara.

Baban Hanane.

Saura kaɗan ta yar da ita garin ɗagawa.

"Alo! Alo!"

"Karima?" Muryarsa ta fito tare da gurnanin inji. "Kira biyar na gani. Rezo ne babu, waya ba ta kamawa a nan. Lafiya? Hanane ce?"

"Kana ina?"

"Na wuce Natitingou tun ɗazu. Na fara sauka."

"Tsaya! Don girman Allah tsaya a nan!"

"Ina zan tsaya? Dutse ne dama, rami ne hagu. Bari in kai ƙasa in kira ki."

"Na ga wayoyin. Ina ɗakin Baba Kassoum. Na san ba ka je ba."



"Karima, ki yi haƙuri. Zan yi miki bayani in na dawo."

"Ba bayani nake so ba! Akwai wani birki na gangara, daban da na ƙafa. Shi Fataou bai ja ba. Kada ka danne na ƙafa, zafi yake yi ya saki!"

"Tun sama nake danne da shi."

Baba Kassoum ya miƙe tsaye, carbin ya faɗi ƙasa.

"Idrissou! Kana jin wari?"

"Baba? Ina ji kaɗan. Tun kwanar baya."

"Inna lillahi," in ji Bibata a hankali.

Karimatou ta fizgo wayar aikinsa daga caji. Darasin yana ciki, hoton bidiyo na minti arba'in, ita ta ɗora shi da hannunta. Ba ta taɓa kallonsa ba. Aikinta ya isa ga kowa a kan lokaci, kuma ya isa.

Ta taɓa sunan darasin.

Allon ya cika da 'yan furanni masu saukowa, da rubutu babba: Barka, Idrissou! Ka kammala wannan darasi. An rufe shi.

Ta sake taɓawa. Furannin suka sake saukowa.

Ta ɗauki ta Fataou. Furanni. Ta ɗauki ta kusa da ita. Furanni.

Sai a kwamfutar biro za a iya buɗe shi, layi biyu bayan masallaci.

"Karima," in ji Idrissou, kuma yanzu muryar ba ta ɗazu ba ce. "Birkin ya fara nutsewa. Akwai sanda biyu a jikin sitiyari, ɗaya dama ɗaya hagu, da maɓallai a gabana. Ke kika shirya formasiyon nan."

Ta dubi Baba Kassoum. Ya girgiza kai.

Ta dubi Tanti Bibata. Bibata ta rufe baki da mayafi.

"Karima, kina jina? Kwana na tafe. Wanne zan ja?"